Karen Baba Ya Daina Gajiya

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, likitan ya ja ni gefe a baranda ya ce, "Zuciyar tsohon nan ta gaji. Magani zai riƙe ta, amma ga ma'auninku. Muddin yana iya tafiyarsa ta safe, to da sauƙi. Ranar da kuka ga ya kasa, ko numfashi yana tsayar da shi a hanya, kada ku jira gobe, ku dawo mana da shi mu kwantar." Na ɗauka ni kaɗai na ji. Ashe Baba yana bayan ƙofa yana gyara hula, kunnensa kuwa ya fi na kowa a gidanmu. Shi ko ba abin da ya tsana kamar gadon asibiti, don ƙaninsa da ƙafarsa ya shiga, a makara aka fito da shi.

Tafiyar safen nan ba ta likita ba ce, ta kare ce. Baba da ƙuruciyarsa kuku ne a gidan wani Baturen kamfanin haƙar kuza, kuma cikin aikinsa har da fita da karnuka kullum safiya. Bature ya tattara ya koma ƙasarsu, ɗabi'a ta zauna. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin gidanmu na unguwar Daɗin Kowa ba kare ba. Na lokacin da nake ba da labari wani ja ne mai dogayen ƙafafu, matashi, wanda Baba ba ya kiran sa da komai sai "mutumina". Inna kuwa, mahaifiyata, ta shata masa iyaka. Ba ya wuce ƙofar tsakar gida, ba ya kusantar buta, kwanonsa daban yake a bayan ɗaki. Ta sha cewa, "Malam, tsoho da kai, da furfura, kana jan kare a titi kamar ɗan farauta!" Sai ya yi dariya ya ce ai karen ne ke jan sa.

A shekarun nan, bayan rikicin da ya hargitsa gari ya lafa, mutane da yawa a unguwarmu sun sayi karnuka. Amma sai su kulle su a kejin kwano yini guda, wai don su yi zafi, kada su saba da mutane. Abin yana ƙona wa Baba rai. Yakan ce, "Kare ba tunkiya ba ne da za a turke. Ka hana shi tafiya, ka haukata shi, sannan ka ce ya yi zafi. In bai gaji da ƙafa ba, da haƙori zai gaji." Ba wanda ya saurare shi, har ni, don ni tela ne, shagona yana unguwar Kwararafa, kuma abin da ya haɗa ni da kare shi ne in ce masa "kai, matsa!"

Da an idar da sallar asuba gari ya fara wayewa, Baba zai saka rigar sanyinsa da hular ulu, ya ɗauki sanda da sarƙa. Inda suke zuwa wani tsohon ramin kuza ne ta wajen unguwar Rayfield da ruwa ya cika, muna ce masa kududdufi, masu lambu suna noman kabeji da karas a bakinsa. Tafiya ce mai nisa, da hawa da gangara. Sai hantsi ya dubi ludayi suke dawowa. Karen zai sha ruwa kamar ba gobe, ya zube a inuwa, ba ka ƙara jin motsinsa sai la'asar. Baba zai zauna ya ba mu labarin wanda ya dasa sabon latas da wanda injin ban-ruwansa ya lalace. Da na ji ƙarar sarƙa a ƙofa sai zuciyata ta kwanta, in ce yau ma mun tsira. Haka muka yi ta yi har damina ta zagayo.

Can sai karen ya canza. Baba yana nan yadda yake, yana fita a kan lokaci, yana dawowa a kan lokaci, da labarinsa, wani lokacin har da latas a leda, wai tsarabar masu lambu. Amma karen ya daina kwanciya. Zai dawo ya hau zagaye bayan gida, ya je bango ya dawo, ya je ya dawo. Ya tone gindin gwandar Inna har ta faɗi. Ya cinye takalmin baƙo a zaure, sabo fil, na sha kunya ranar kamar in nutse. Da rana tsaka sai ya ɗaga kai sama ya ja wani kuka mai tsawo, irin wanda tsofaffi ke cewa ba alheri ba ne. Inna ta ce, "A'uzu billahi! Wannan dabba ta ga wani abu." Ni kuwa na ce ba abin da ya gani, iskanci ne da ƙoshi, don ya yi ƙiba har wuyansa ya cika sarƙa. In yana tafiya a kan siminti kana jin faratansa, ƙyas ƙyas ƙyas, kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Har yau in na ji irin wannan ƙarar gabana yana faɗuwa.

Akwai wani likitan dabbobi a layinmu, ɗan asalin yankin nan namu mai duwatsu, mutumin kirki, ni ke ɗinka masa kayan coci. Wata Asabar Baba ya tafi ɗaurin aure, na roƙe shi ya leƙo ya duba ko tsutsa ce ko hauka. Ya tsuguna, ya shafa haƙarƙarin karen, ya ɗaga ƙafarsa ta gaba ya duba, sannan ya dube ni.

"Oga tela, wannan kare ba ya tafiya."

Na ce, "Kamar yaya ba ya tafiya? Kullum sai ya je kududdufi ya dawo."

Ya ce, "Wane kududdufi? Dubi farce. Kare mai taka dutse, dutse ne yake yanke masa farce. Wannan ya daɗe bai yi nisa ba. Irinsa, matashi haka, yana son tafiya mai kyau da safe, ya samu wurin gudu, da yamma a ƙara masa kaɗan. Ba ciwo yake ba. Ƙarfi ne ya taru masa, bai san inda zai kai ba."

Ni da bakina ba ya shiru, na hau shi da faɗa. Na ce to ubana ne maƙaryaci ke nan? Na ce ku likitocin nan in ba ku gano ciwo ba sai ku ƙirƙiro magana. Bawan Allah bai yi fushi ba. Ya wanke hannunsa ya ce, "Ni ban ce komai a kan Baba ba. Ƙafa na duba." Ya fita ya bar ni tsaye, ina huci, amma na san ruwa ba ya tsami banza.

Da yammar nan na ɗauki sarƙar da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Na ce bari in ƙara masa tafiyar da ake faɗa, mu ga ƙarshen iskanci. Muna fita ya ja ni kamar zai tsinke min hannu, masu acaba suna min dariya, wani har da cewa, "Tela, an canza sana'a ne?" Muka wuce kwalbati, muka sha kwanar layi. A nan hanyar kududdufi take miƙewa, amma sai karen ya karkata hagu da kansa, ya bi wata 'yar siririyar hanya ta bayan wani kango da aka fara ginawa aka bari. Bayan kangon akwai wani faffaɗan dutse da bishiyar gwaba a gefensa. Yana isa ya kwanta a gindin dutsen, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, ya zuba min ido.

Na ja shi, ya ƙi tashi. Sai na duba wurin. Ƙasar gaban dutsen ta yi sumul saboda zama. Ga ɓawon goro birjik, tsoho da sabo. Ga ramukan bakin sanda, da yawa, wuri guda. A jikin gwabar kuwa sarƙa ta ci ɓawon itacen, kuma kewaye da ita ciyawa ta mutu, ta yi zobe, inda karen yake zagayawa. Na zauna a kan dutsen, sanyinsa ya ratsa ni, na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Washegari na bar su suka fita, na ba su tazara, na bi bayansu. Na ga yadda Baba yake takawa da ƙarfi har ya sha kwana, saboda ya san Inna tana leƙe ta ƙofa. Yana ɓacewa daga idon gida kafaɗunsa suka zube. Ya dafa bangon kango, ya tsaya, ya taka, ya tsaya. Karen nan da ya kusa karya ni jiya, a hankali yake binsa, sarƙa a sake. Na same shi zaune a kan dutse, baki buɗe, numfashi yana fita da ƙara kamar tsohuwar zuga-zugi. Yana shafa kan karen yana cewa, "Yi haƙuri, mutumina. Gobe za mu je."

Ya ɗago ya gan ni. Bai firgita ba. Ya ce, "Kai ne? Wa ya nuna maka?"

Na ce, "Shi."

Ya yi 'yar dariya wadda ta koma tari. "Munafuki. Duk ƙashin da na ba ka."

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun kafin ruwa ya sauka."

"Latas ɗin fa?"

"Wata mata ce ke wucewa da shi kasuwa." Ya samu numfashi, sannan ya ce, "Kada ka gaya wa uwarka. Ka bar ni da safiyata. In kuka kwantar da ni ba zan tashi ba, na sani."

Na durƙusa a gabansa ina kuka kamar yaro, ina faɗa kuma, don ni haka nake, in na ji tsoro masifa nake yi. Na ce, "Haba Baba! In ka faɗi a bayan kangon nan wa zai gan ka? Kare ne zai yi maka salati?" Can ya ce ya yarda zai je, amma da sharaɗi. Kullum safiya in kai karen har kududdufi, in kwance masa sarƙa ya yi gudu, ba rabin hanya ba, ba zagayen unguwa ba. "Na zalunce shi," in ji shi. "Hakkinsa yana kaina."

A ranar muka kai shi, aka kwantar da shi. Duk safiya sai na je kududdufi kafin in wuce asibiti, kuma abin da yake fara tambaya ke nan: "Ya yi gudu?" In ce ya yi, har ya shiga ruwa. "Ya kwanta da kuka dawo?" In ce ya zube kamar buhu. Sai ya lumshe ido ya ce madalla. Ni ne yanzu nake ba shi labarin masu lambu. Baba bai fito daga asibitin ba. Abin da ya faɗa ne ya faru, kafin damina ta ɗauke muka kai shi makwancinsa. Likita ya ce da an bar shi a gida da bai kai wannan lokacin da rai ba ma. Na yarda da shi. Amma na san ni na ɗauke shi daga kan dutsen nan, kuma wannan bai taɓa barina ba.

Na ci gaba da cika alkawari. Karen ya rame ya koma daidai, faratan suka gajarce, ya daina tono da kukan rana. Sai dai abu ɗaya. A hanyar dawowa, duk gudun da ya sha, sai ya karkata bayan kango ya kwanta a gindin dutsen. Ja ba ya tashe shi, tsawa ba ta tashe shi. Zai yi shiru, kunnuwa a tsaye, kamar mai jiran wani ya gama hutawa. Can sai ya miƙe da kansa, ya kama hanyar gida a hankali, taku ɗaya ɗaya, yana waiwayen gefen da ba ni nake ba. Ni mutum ne mai sallah, na san wanda ya tafi ya tafi. Duk da haka ban taɓa iya juyawa in dubi wannan gefen ba, kuma ban taɓa shan gabansu ba.

Bayan Inna ta fita takaba, wata safiya na ɗauko sarƙa sai na gan ta a zaure da mayafi. Ta ce, "Mu je ka nuna min wurin." Ba ta taɓa tafiya kusa da kare ba a rayuwarta, amma ranar ba ta ce a matsar da shi ba. Muka wuce kwalbati, muka sha kwana, muka bi bayan kango. Ta tsaya ta ce, "Har mun zo?" Na ce mun zo.

Ta zauna a kan dutsen, ta shafa shi da tafin hannu. Karen ya kwanta inda ya saba. Daga nan, ta tsakanin kango da gwaba, ana hango rufin kicin ɗinmu, har ana jin matar maƙwabcinmu tana kiran 'yarta. Inna ta kasa kunne ta ji kiran sarai. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Malam, nan kake duk safiyar nan? Ai da ka kira ni da na ji."