Ku Ba Hezekiya Karyarsa

Shekara ashirin da shida Hezekiya Dantong yana tashi kafin rana ta leƙo, saboda raɓa. Ya ce idan raɓa na ƙasa, warin mutum yana kwanciya a kan ciyawa yadda maiƙo yake kwanciya a kan miya, rana na ɗagawa ta lashe shi, balle a kan duwatsun nan namu na Jos. Sai ya roƙi ɗaya daga cikin masu gadin wurin aikinsa da suka tashi aiki ya bar masa hularsa, mai gadin ya ratsa gonar kabeji, ya tsallaka rafi, ya je bayan dutse ya zauna. Shi kuma ya dafa shayinsa ya sha shi kaɗai, ya jira sawun ya huce. Sannan ya ɗauko wata ɗamarar fata ya saka wa karyarsa a ƙirji, ya maƙala doguwar igiya, ya nuna mata hular, ya raɗa mata kalma ɗaya da yarensa na Birom. Ta sa hanci a ƙasa. Yana biye da ita a baya, bai taɓa fizgar igiyar ba.

Sunan karyar Kuza, don baƙa ce wuluk kamar ma'adinin kuza da ake haƙa a Jos.

Ni Ummusalma ce ta Dilimi, mai kasa kayan miya a bakin Farin Gada. Ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana, yadda ta fito haka za ta tafi. Na zo in yaba wa mutumin nan ne tun yana da rai, na kuma zo da ƙara. A riƙe duka biyun.

Wani kamfanin masu gadi yake wa aiki. Ba zan faɗi sunansu ba, sun san kansu. Karnukansu masu haushi ne, na tsoratar da ɓarawo, sai 'yan kaɗan da Hezekiya yake zaɓa tun suna ƙanana ya koya musu bin sawu. Huɗu ya raina kafin Kuza, kuma duk huɗun shi ya haƙa musu rami da hannunsa da suka mutu. Tsohon mai kamfanin ya yarje masa, ranar da ba ya aiki, duk wanda ya zo da kukan ɓatan mutum ya bi shi. Ya bi kuwa. Bai taɓa tambayar wanda ya ɓata masallaci yake zuwa ko coci ba. Abin da yake tambaya shi ne, yaushe ya fita, ta wace ƙofa, wa ya taɓa kayansa.

Ku tambayi Jabir mahauci a Abattoir. Ya ce lokacin Kuza tana 'yar ƙarama, kowace Asabar Hezekiya yake ratsawa da ita ta tsakiyar teburan nama, ga jini a ƙasa, ga hanji, ga ƙashi, don ta koyi cewa idan an ba ta wari ɗaya, shi kaɗai ne a duniya. Mahauta suna yi masa tsiya. Jabir da kansa ya taɓa jefa mata tsoka a gabanta, ya ce, "Oga Hezekiya, bari mu ga ko ustaziya ce." Ta tsallake tsokar ta wuce.

Hezekiya ya waiwayo ya ce, "Jabir, ɗauki namanka. Wannan karya ne, amma ba ya ƙarya."

Haka Hausarsa take, ba ta raba mace da namiji. Ni ma "ka" yake ce mini har gobe.

To ga nawa. Shekara huɗu ke nan. Mijina Malam Datti ya tsufa, kansa ya fara sakin abubuwa. Yakan kira ni da sunan uwarsa. Wata Talata a damina ya fita sallar asuba bai dawo ba. Muka duba masallatai, muka duba tasha, muka duba asibitoci, aka yi cigiya a lasifika. Babu. Washegari da sassafe Jabir, wanda ɗan ƙanwar Malam ne, ya ce akwai wani mai kare. Ya ce in shirya kayan Malam, kare zai shinshina.

Ni kuwa me na sani? Baƙo zai shigo gidana ya ga kayan mijina. Tsoho ne, ba ya riƙe fitsari sosai. Na tashi na haɗa rigunansa da wandunansa da zanen gado da hulunansa, na wanke su tas da sabulu, na shanya. Ina kuka ina wanki, don kada a ce matar Malam ƙazama ce.

Kun san yadda garin nan ya koma tun bayan rikici, kowa ya tattara ya koma cikin nasa. Ɗan Birom ya shigo lungunmu da baƙar karya a igiya, mutane suka fito kamar ana rabon wani abu. Bai kalli kowa ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ga shanya tana ɗiga, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Mama, ka wanke?"

Na ce, "Da datti zan ba ka?"

Ya ce, "Dattin nake nema, Mama. Shi ne mutumin. Yanzu sabulu da hannunka kawai zai ji."

Na zauna a ƙasa. Da hannuna na wanke mijina daga duniya. Bai yi mini faɗa ba. Ya tsuguna nesa kaɗan ya ce in yi tunani, ko akwai abin da Malam kaɗai yake taɓawa, wanda ruwa bai gani ba. Akwai. Buzunsa na salla, na fatar rago, wanda yake nafila a kai shekara talatin, goshinsa har ya cinye gashin wurin. Na shiga na naɗo shi da leda yadda ya ce, ban taɓa da hannu ba.

Wani maƙwabcinmu, ba zan tona shi ba don har yanzu muna gaisawa, ya daka mini tsawa daga zaure. Ya ce, "Ummusalma! Buzun salla za ki ba kare?"

Na ce, "Mai buzun nake nema. In kana da hancin da zai nemo shi, zo ka shinshina."

Hezekiya ya gane nauyin abin. Bai shimfiɗa buzun a ƙasa ba. Ya riƙe ledar a hannu, ya buɗe bakinta kaɗan, Kuza ta kai hanci kusa, ko taɓawa ba ta yi ba. Ya naɗe ya miƙo mini da hannu biyu. Ya raɗa mata kalmarsa.

Ta fita, ta wuce masallacin, ta gangara. Ina biye, ban san na bar takalmi a gida ba. Da muka kai babban titi sai ta tsaya, ta yi nan, ta yi can, ta ɗaga kai. 'Yan kallo suka fara dariya, wai kare ya rikice, wai dama wasan arna ne. Hezekiya ya ce a matsa baya, motoci ne suka watsa warin. Ya saki igiya ta yi tsawo, ya tsaya kamar gunki, ita tana zagaye tana faɗaɗawa. Ni na ƙosa na ce ya ja ta mana, ai tasha Malam yake so. Ya ce, "In na ja shi, tunanina zai bi, ba mijinka ba." Can a tsallaken titi, gindin wata kwalbati, jelarta ta miƙe. Ta ja shi.

Muka bi gefen rafi har bayan gari, inda tsofaffin ramukan kuza suke, waɗanda suka cika da ruwa suka koma kududdufai. Wajen azahar muka same shi. Yana zaune a cikin wani kwari, ƙafa ta gurɗe, jiki yana rawa, taku kaɗan tsakaninsa da ruwan da ke cinye mutum. A nan ya yi leburanci yana saurayi. Ya kalle ni ya ce motar kamfanin kuza ce ta yi latti. Kuza ba ta yi haushi ba, zama ta yi a gabansa, haka aka koya mata. Hezekiya ya cire rigar sanyinsa ya rufa masa, ya goya shi har titi.

Malam ya ƙara shekara biyu. A kan gadonsa ya cika, ina riƙe da hannunsa, aka yi masa wanka da sutura, aka san inda kabarinsa yake. Wanda bai taɓa neman nasa ya rasa ba ba zai san girman wannan ba.

Kai ne, Hezekiya. Kai ne mai haƙurin tsayawa a bayan dabba ka yarda ta fi ka sani. Kai ne ka shiga lungun da naka suka ce kada ka shiga, ka fita ba wanda ya ba ka ruwa, don ana ƙyamar kofin da mai kare ya sha. Ni ma ban ba ka ba. Na tuna ne bayan ka tafi, kuma abin yana cina har yau. Na mutanen Dilimi ke nan. Naka kuma suna ce maka mai hira da kare. Firisila matarka ta rasu, 'ya'yanka suna Abuja da Legas sai waya, ka rage kai da Kuza a ɗaki ɗaya a bayan kejin karnuka. Da Malam ya tafi na san irin wannan shirun. Shi ya sa nake aika maka da tumatir da albasa, ba don kana buƙata ba, don ka san wani ya san kana nan.

Yanzu ga ƙarata. Watan jiya suka sallame shi, wai shekarunsa sun kai. Suka ba shi agogon bango. Ya ce ya gode, a ba shi Kuza, shekararta goma sha ɗaya, ƙugunta ya fara ciwo, ta gama aikinta. Tsohon mai kamfanin ya rasu, sabon manaja ne a kujera. Ya ce kare kayan kamfani ne. Aka karɓe ɗakin, aka hana shi shiga get. Aka haɗa ta da wani sabon ma'aikaci, yana ba ta umarni da Turanci, tana kallonsa. Da suka ga ba ta ji, suka ɗaure ta da sarƙa a ƙofar sito wai ta riƙa haushi, ita da aka shekara goma ana koya mata kada ta yi wa mutum haushi. Ta daina cin abinci. Hezekiya yana zuwa kullum ya tsaya a bayan katanga ta inda iska ke kaɗawa zuwa wajenta, don ta san bai gudu ya bar ta ba. Masu gadin sun ce idan ya tsaya sai ta ɗaga kai. Idan ya tafi ta mayar.

Ranar Litinin na rufe kayana na je ofishin. Manajan yaro ne, bai kai ɗana na biyu ba.

Ya ce, "Mama, me ya haɗa ki da kare? Ba Musulma ba ce ke?"

Na ce, "Musulma ce, shi ya sa na san butulci haramun ne. Me za ka yi da tsohuwar karya?"

Ya ce doka ce, karen da kamfani ya horar ba ya fita waje, kada wani ya je ya buɗe nasa aikin da shi.

Na ce, "Wa ya horar? Kamfani yana jin Birom? Kira ta ka gani in za ta zo. Tsoho mai ciwon gwiwa da karya mai ciwon ƙugu ne za su ƙwace muku kasuwa?"

Ya yi dariya ya ce, "Mama, kin iya faɗa." Sannan ya duba wayarsa ya ce ai maganar ta ƙare, tunda ba ta ci kuma ba ta aiki, likitan dabbobi zai zo ranar Juma'a da safe ya yi mata allura ta huta.

Kun ji. Sun gwammace su kashe ta da su ba shi ita. Ban faɗa wa Hezekiya da bakina ba, na kasa. Jabir na tura. Ya ce da Hezekiya ya ji, sai ya tambaya ko za su bar shi ya riƙe kanta lokacin allurar, don tana tsoron baƙon hannu.

Wannan ne mutumin. Ko a nan ba kansa yake tunani ba.

Na gode, Hezekiya. Na gode a madadin Malam, na gode a madadin waɗanda ka nemo wa nasu suka manta hanyar ɗakinka. Allah ya saka maka, ya ba ka abokin zama a tsufanka. Samarin garin nan, masu cewa babu aiki, ku je ku zauna a gabansa tun yana iya nuna muku. Abin da ke kansa ba a rubuce yake ba, kuma tsofaffi ba su daina ɓacewa ba.

Ku kuma da ya taɓa yi wa rana, ina kiran ku. Na san kuna Rikkos, kuna Tudun Wada, kuna Gada Biyu, wasunku ina sayar muku da attaruhu kuna sunkuyar da kai. Ranar Juma'a tun kafin a buɗe get ina can da kujerata. Ba zagi za mu yi ba, ba jifa. Kowa zai faɗi sunan wanda aka nemo masa, manaja ya ji da kunnensa, sannan mu ce a kwance sarƙar nan a miƙa wa mai ita. Wanda yake jin kunya a gan shi yana roƙo saboda kare, ya zauna a gida.

Likitan kuma, ko wane ne, ya zo da shirin ɗaga tsohuwa daga ƙofa, don da ƙafata ba zan matsa ba.