Amsar Bara a Ƙauyen Masunta

A shekarar da aka sami 'yancin kai, ko wadda ta biyo bayanta, ba zan rantse ba, ofishinmu na Sakkwato ya tura ni ƙasar Bagudo da takardun tambayoyi. Ban daɗe da gama jami'a ba. Ana so a san ko ra'ayin mutane a kan maganin asibiti yana canzawa, domin akwai ɗakin shan magani guda ɗaya da za a gina, kuma wani ƙauyen masunta kusa da Illo yana cikin garuruwan da ake dubawa.

Hanya biyu muke bi. Ta farko, akwai magidantan da aka rubuta sunayensu, su nake koma wa kowace shekara da tambaya iri ɗaya. Ta biyu, ran kasuwa in tsaya in tambayi duk wanda na ci karo da shi. Shugabana ya fi yarda da ta farko, kuma a takarda yana da hujja. In mutum ɗaya kake bi, ka san ko shi ne ya sauya. 'Yan kasuwa kuwa na bana ba su ne na bara ba, wasu ma daga Dahome suke ƙetarowa.

A zuwana na uku hanyoyin suka saɓa wa juna. 'Yan kasuwa sun fara cewa suna son allura. Magidantan ƙauyen kuwa amsarsu ba ta motsa ba: ba su zuwa asibiti, ba za su je ba.

Wata ranar kasuwa sai na hangi ɗaya daga cikinsu, wani dattijo, yana fitowa daga kwalekwale da auduga manne a dantse, alamar an yi masa allura. Ashe ɗakin magani na tsallaken iyaka ya je. Washegari na same shi yana ɗinkin taru tare da abokansa, na karanta masa tambayar, ya ce shi ba ya zuwa asibiti. Na tattaro ladabin da nake da shi, na nuna masa dantsensa.

"Malam, mi nic ce maka bara?"

Na ce masa cewa ya yi ba ya zuwa.

"To, ka rubuta da hannunka. Bana kuma kana son in yi magana biyu, ni da hurhurata?"

Abokan suka yi dariya. Suka gaya mini cewa da zarar an ji na iso Illo, sukan tuna wa juna amsar bara don kada wani ya ji kunya. Ɗaya ya ce in na jefa littafin da nake rubuta amsoshinsu a kogi zai faɗa mini gaskiya.

Da na koma Sakkwato na tarar shugabana ya riga ya rubuta rahoto cewa mutanen ƙauyen ba su sauya ba, don haka gina musu ɗakin magani ɓarna ne. Sa hannuna kawai ake jira. Ni mutum ne mai fargaba, ko takardar neman hutu sai na karanta ta sau uku. Na yi masa bayani cewa littafin nan, a ganina, cika magana yake aunawa, ba ra'ayi ba. Ya ce tsayuwa a kasuwa ba bincike ba ne. Na yarda tana da rauni, na roƙa a zaɓi sababbin gidaje a cikin ƙauyen, a kuma tambaye su yaushe rabonsu da allura maimakon me suke gani. Ya ce babu lokaci, ya miƙo mini alƙalami.

"Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba."

Na mayar masa da alƙalaminsa. Ya ce tunda ina son masunta haka, sai in zauna da su. Rahoton ya tafi ba sunana, ni kuma aka bar ni a bakin iyaka shekaru da dama, tsararrakina suna ta hawa gaba.

Wani gari aka ba ɗakin maganin. Masuntan suka ci gaba da ɗora marasa lafiyarsu a kwalekwale zuwa tsallake, har da lokacin da ruwa ya cika. Mai yiwuwa na yi kuskure a abubuwa da yawa a aikin nan, ban musa ba. Amma ko yau aka sake kawo mini waccan takarda, ba zan sa mata hannu ba.