Yaƙin Gwaggo Kulu da Ƙafarta

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwarmu ta bayan kasuwar Malanville, nan ƙasar Benin, ya san ba zakara ke fara tada mu ba, Gwaggo Kulu ce. Kana tsakar barci sai ka ji murya ta tashi: "Sake ni! Sake ni na ce, marar kunya!" Sai kuma dunduniya na dukan ƙasa, dim, dim, dim. Mu mutanen gida ko juyi ba mu yi, don mun san ba kowa ba ne, ƙafarta ce ta ɗaure. Naman sharaɓarta ke dunƙulewa ya yi tauri kamar ɗan dutsen niƙa, yatsu su lanƙwashe. Wani in abin ya same shi salati yake yi ko kuka. Ita Gwaggo faɗa take kamawa da ƙafar, har da nuna ta da yatsa.

Ni Rabi ce, ɗiyar ƙanenta, kuma bango ɗaya ya raba ɗakina da nata, saboda haka duk zagin da ƙafar nan ta sha a kunnena anka yi shi. Ku da kunka ci soyayyen kifinta a kasuwa kun san ta da faɗa da masunta a kan kifin jiya. To wallahi wancan wasa ne.

Kun tuna Malam Isufu na Gaya ta hayin kogi, mai sayen albasa? Zuwansa na farko a shagon ƙofar gidanmu anka sauke shi, kuma ba wanda ya tuna ya gaya masa halin gidan. Bawan Allah ya ji tsohuwa na ihu a sake ta. Ya yi wuf ya faɗo tsakar gida ba ko riga, ya suri taɓarya, ya banke ƙofar Gwaggo.

"Ina shi? Ina ɓarawon?"

Na fito da fitila na iske Gwaggo tsaye da ƙafa ɗaya, ta dafa bakin ƙofa, kallabi ya zame, zufa na zuba. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Shina nan cikin ƙafata," in ji ta. "In kai namiji ne shiga ka fiddo shi."

Malam Isufu ya ja da baya, ta ƙara masa:

"Kuma aje mini taɓaryata. Je ka sa riga, nan gidan mutunci ne."

Da gari ya waye ta aika masa da kan kifi mafi girma, ta ce a kai wa jandarmanta, wato ɗan sandanta. Har yau in ya ƙetaro kogi ba mai kiransa Isufu, sai Jandarman Gwaggo.

Magani kuwa, ba irin wanda ba a kawo mata ba. Hajiya Biba, aminiyarta Badandiya, 'yar ƙabilar Dandi, da ke kasa albasar garin Garu kusa da ita, ita ce sarkin shawara. Su biyun nan in sun fara musu da Hausa sai su ƙare da Dandanci, don zagin harshe ɗaya ba ya isar su. Ran nan Hajiya Biba ta rage murya ta ce:

"Kulu, ni dai ina jin alhakin kifi ne. Dubi yawan waɗanda kika jefa cikin mai. Su ke zuwa su riƙe miki ƙafa."

"Kifi? To mi ya hana su zo da rana, mai na tafasa? Matsorata!"

"To ki sa wuƙa ƙarƙashin tabarma, haka mutanenmu ke yi."

"A'a, Biba. Randa abin ya ishe ni, ga wuƙa kusa, sai ku wayi gari ku iske ni da ƙafa ɗaya."

Wata ta ce ta sa sabulu a shimfiɗa, ta ce ƙafarta ba dauɗa ke damunta ba. Wani ya kawo laya a ɗaura a idon sawu, ta ɗaura wa akuyarta, wai a fara gwadawa a kan mai ƙafa huɗu.

Alhali kowa na ganin abin da take yi wa kanta. Tun hantsi take tsaye gaban wuta har bayan la'asar, ba ta zama, wai mai ba ya jiran kowa. Ga zafin garin nan da kunka sani, ga na murhu, zufa har zani ya jiƙe. Amma ruwa? Ko kurɓi. In yara masu ruwan leda sun zo wucewa na ce, "Gwaggo, in karɓo miki?" sai ta harare ni.

"Ke Rabi, kina da hankali? Ga kogi guda kwance bakin gari, jirage na yawo a kai, ni in sayi ruwa cikin leda?"

"To ki zo da na randa daga gida."

"In sha in yi ta zarya bayan gida, in bar kifina ga magen kasuwa? Ba da ni ba."

Asibiti kuwa sai da na yi mata dabara. Na ce ni ce ba ni da lafiya, ta raka ni. Muna shiga wurin majo, wato babban mai duba marasa lafiya na asibitin unguwarmu, wani saurayi mai haƙuri, sai na ce, "Ga mai ciwon nan." Kallon da Gwaggo ta yi mini, har yau in na tuna sai na gyara zama.

Majo ya auna jininta, ya matsa ƙafar, ya tambaya ko tana kumbura ko tana shan wani magani kullum, don wai akwai ƙwayoyin da ke jawo haka. Ta ce ita maganinta tuwo. Ya yi dariya ya ce:

"Inna, ban ga abin tsoro ba. Naman ƙafa ne ke gajiya. Doguwar tsayuwa na kawo shi, da yawan zufa ba a mayar da ruwa ba. Wani lokacin ma ba a gane dalili. Kuma in shekaru sun ja..."

"Shekarun wa?"

"Wato, in mutum ya manyanta..."

"Yaro, randa anka haife ka ina bisa kwalekwale da kwandon kifi a kai. Faɗi wata maganar."

Ya faɗi wata. Ya ce in ƙafar ta ɗaure ta miƙe ta sosai, ta kamo yatsun ta jawo su wajen ƙaurinta, ko ta tashi ta taka a hankali, a murza wurin, a gasa da tsumma mai ɗumi. Ta riƙa shan ruwa da rana, ta riƙa zama lokaci lokaci. In kuwa ƙafar ta kumbura, ko ta yi ja, ko ciwon ya ƙi saki, to a dawo da ita maza. Sannan ya tashi ya nuna mata abin da za ta yi kafin ta kwanta: ya dafa bango da hannu biyu, ya ja ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, ya karkata gaba har naman sharaɓa ya miƙe.

Gwaggo ta kalle shi har ya gama.

"Wato in tura bango."

"Kamar haka, Inna."

"Mi bango ya yi mini? Rabi, tashi mu tafi. Wanga shi ke neman mai duba shi."

Haka munka dawo, ba abin da ya sake. Sai da abin ya zo da wasan da ba na dariya ba. Wata rana gab da asuba ƙafafun biyu sunka ɗaure lokaci guda, ta yunƙura ta tashi, ta faɗi, goshinta ya daki bakin gado. Jini har ƙasa. Ran nan kam ba ta zagi kowa ba, kuma shirun nan ya fi ba ni tsoro. Anka yi mata ɗinki, ni kuma na kira ɗanta, Yaya Mamman, da ke zaune Paraku.

Kashegari sai ga shi da mota. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauki babban kaskon suyarta da matsamin tsame kifi ya kulle a bayan mota. Ya ce an gama kasuwa, Inna za ta koma wurinsa ta zauna ta huta, ga jikoki ga fanka.

Kun san shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ta fito da ƙyalle naɗe a goshi, ta mirgino turmi har tsakiyar ƙofar gida inda mota za ta bi, ta kife shi ta zauna.

"Kai mai mota. Fiddo mini kaskona."

"Inna, kin ga abin da ya faru. Da Rabi ba ta kusa fa?"

"Da na tashi da kaina. Kaskon ga shi ya ciyar da kai har ka san hanyar Paraku. In tafi can in yi mi? In zauna ina kallon fanka tana juyawa, a riƙa miƙo mini abinci kamar kaza a akurki? Nan anka san ni. Nan in na yi tari, kasuwa guda ke ce mini sannu."

"To ko dai ki bi maganar majo, ko mu tafi. Ɗaya za a yi."

"Ban zuwa, kuma ban tura bango."

Rana ta take, unguwa ta taru, Hajiya Biba ta baro albasarta ta zo kallo. Ba wanda ya motsa. Can sai Yaya Mamman, ƙato da furfura a gemu, ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ni tsoro nike ji a kira ni a ce an iske ki kwance." Hawaye sunka zubo masa.

Gwaggo ta kau da kai. Sannan ta ce, "Share fuskarka, kana ba ni kunya gaban mata. Fiddo kaskon."

Ya fiddo. Ba ta yi masa alkawarin komai ba, ya koma Paraku shi kaɗai.

Bayan 'yan kwanaki, da magariba, na zagaya bayan ɗaki ɗauko itace. Wa zan gani? Gwaggo, hannu biyu a bango, ƙafa ɗaya a baya, dunduniya a ƙasa, tana nishi.

"Gwaggo! Mi kike yi?"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Ina duba ko bangon ga zai kai damina."

"To ƙaƙa kika gan shi?"

"Sai na riƙa dubawa kullum. Wuce ki ba ni wuri."

Ba a jima ba sai ga 'yar jarka ta ruwan randa tana bin ta kasuwa, wai gishirin bana ya cika ƙarfi. Sai ga kujera 'yar tsugune kusa da murhu, wai ta baƙi ce, amma ban taɓa ganin baƙon da ya zauna a kai ba. In ƙafar ta taɓa ta sai in ji ta jawo yatsu tana cewa, "Yau na riga ki." Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, gaskiya, amma ya ragu ƙwarai, har maƙwabta sunka fara makara sallar asuba.

Abin bai tsaya nan ba. Gwaggo ta zama malamar ƙafa a kasuwa. Mai daka, ɗan dako, mai dawowa daga fadamar shinkafa, duk wanda ya yi kukan ɗaurewar ƙafa sai ta tsayar da shi jikin rumfa ta sa shi turi, tana gyara masa dunduniya da bakin matsami. In an tambaye ta ina ta samo, sai ta ce, "Gadon gidanmu ne, wurin kakata na koya." Wata rana wata mai juna biyu ta zo sayen kifi tana ɗingishi, ta ce ƙafa ke hana ta barci. Gwaggo ta koya mata tsaf. Sai Hajiya Biba ta raɗa mata cewa ai matar majo ce.

"To madalla," in ji Gwaggo da ƙarfi. "In kin je gida ki nuna wa mijinki, ya ƙaru. Yaron na da hankali, koyarwa ce bai samu ba."

Majo da ya ji, sai ya aiko a gaya mata ya gode, Allah shi jiƙan kaka.

Ciwon ajalin da ya zo ya ɗauke ta daga baya bai daɗe ba, kuma ba ta ƙafa ya biyo ba, ƙirji ne. Yaya Mamman na riƙe da hannunta, Hajiya Biba na zaune wajen kanta tana kuka. Gwaggo ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Biba, in kukan ne je ki yanka albasarki, ki samu dalili." Munka yi dariya da hawaye a fuska. Daga nan ba ta ƙara wata magana ba sai kalmar shahada.

Ya Allah, ga baiwarka Hauwa'u ta zo gare ka. Ta tsayu a kan ƙafafunta ta ci halal, ta ciyar da mu, ba ta kwana da kowa a zuci ba duk da kaifin bakinta. Ka yafe mata, ka yalwata makwancinta, ka ba ta barci mai daɗi wanda ba abin da zai katse shi sai kiran rahamarka. Amin.