Waƙar Lado da aka ba Agadas

Shekara tara Lado yana kaɗa jitar lantarki, shi da abokansa uku da suka sa wa kansu suna Taurarin Saulawa. Ba su da ubangida. Da rani su zaga bukukuwan Kudan da Makarfi da janareton aro, da damina kowa ya koma gonarsa.

Waƙa ɗaya tak suka taɓa ɗauka a situdiyo. Lado ya kai wa wani mai tura waƙoƙi a waya a Ikara. Mutumin ya saurara, ya laƙaba mata suna "Sabuwar Agadas", wai ba mai kula kiɗan jita in aka ce na gida ne.

Ta kuwa bazu kamar me. Masu biki suka daina kiransu, tunda kowace waya na da ita. Abokan suka watse.

Ran nan a motar Makarfi direba ya kunna ta. Lado ya ce, "Malam, wallahi ni na kaɗa wannan."

Direban ya dube shi ta madubi, ya ga buhun taki a cinyarsa.

"Haba Malam! Wannan ai hannun Buzaye ne."

Ya ƙara sauti. Yatsun Lado na bin kiɗan a kan buhu.