Jirgin da Ya Biya da Umma Wata Ƙasa

Icce ne ya yi ɗan tas a murhu, ya watso tartsatsi, ina tsugune da waya a hannu. Ranar ce Umma, mahaifiyata, ta hau jirgi karo na farko, daga Kano zuwa Jidda don yin Umara, ga tsufa ga hawan jini. Maƙwabciyata Hajiya Ladi, da ta sauke farali bara, ta ce min tafiyar ba ta wuce awa biyar. Sun tashi da hantsi. Har aka kira magariba wayar ƙanena Sani da ya raka ta ba ta shiga.

Ƙarar iccen nan ce ta mai da ni garin Roni, tsakar gidan kakata Iya, inda muke kewaye wuta bayan isha muna gasa gyaɗa.

"Ku matso, ga tatsuniya nan ta iso ƙofa," in ji Iya. "Mai gyangyaɗi ba shi da rabo."

Labarin kurciya ne da mijinta ya tafi gabas gaida dangi. Ta tambayi shaho nisan garin, ya ce, "Nan da can ne, ni kafin rana ta karkata na isa." Rana ta faɗi, ba labari. Kurciya ta zauna makoki, ta ƙi ci, tsuntsaye suna ta zuwa gaisuwa. Ashe mijin yana kan tsamiya a rabin hanya, ya sha ruwa yana hutawa.

"Sakara!" Iya ta ce tana dariya har tana tari. "Ta auna tafiyar mijinta da fiffiken shaho."

Mu dai a lokacin gyaɗar ce ta dame mu.

Na idar da sallar isha ke nan wayar ta yi ƙara. Sani ne. Ya ce jirginsu ba kai tsaye yake zuwa ba, sai da ya sauke su a wata ƙasa suka jira wani. Na Hajiya Ladi jirgin alhazai ne, shi ba ya biyawa ko'ina.

"Yaya, ai na faɗa miki tun a gida."

"Ba ka faɗa ba."

"Na faɗa, kina can kina ƙulla wa Umma yaji."

Ya miƙa mata wayar. Ta ce ƙafarta ta ɗan kumbura, abincin jirgi kuma ba gishiri, in tuna a ba akuyarta dusa. Na yi ta hamdala, hawaye na zuba.

Da ƙuruciya na ɗauka Iya wautar kurciya take nuna mana. Yanzu ina ganin tausayinta take ji. Ita ma ta sha zaman jiran kakanmu in ya tafi fatauci, ba waya, ba mai kawo labari, sai addu'a.

Na jingina da bango, na miƙe ƙafafu. Autata Hafsa ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Mama, Umma ce ta yi tafiyar, amma ke kika gaji."