Ranar da Motar Kawu Ta Ƙi Gaba

Na manta sunayen rabin malaman da suka koyar da ni, na manta lambar gidan da na fara haya a unguwar Akwa ta Douala, amma Asabar ɗin da muka fito da motar Kawu tana nan daram a kaina, kuma na san da ita za a binne ni.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. A unguwar New Bell, nan Douala, aka haife shi, kamar yadda aka haife ni, kuma ya yi rayuwarsa duka yana gyaran manyan motocin da ke ɗaukar katako zuwa tashar jiragen ruwa. Tun yana saurayi wani matuƙin jirgi ya bar masa hoton wata mota ta Amurka: tsohon bodi, babu rufi, inji tsirara a gaba, tayoyin baya manya, na gaba ƙanana. Ya ce masu ita suna kiranta hot rod, wato tsohuwar mota da aka haɗa da hannu don gudu kawai. Bakin mutanen unguwa ya mayar da sunan Hotoro. Da Kawu ya ajiye aiki, sai ya share ƙaramin garejin da ke gaban gidansa ya ce zai haɗa tasa.

Babbar 'yarsa, wadda nake kira Yaya, tana aure a Yaoundé, kuma ba ta ga abin dariya a ciki ba. Ta ce tsufa ne ya fara taɓa masa kai. Ta kira ni a waya ta ce, "Ka sa masa ido. In na ga abin ya wuce gona da iri, zan rufe garejin nan in ɗauke shi ya dawo wurina." Na amsa da to. Ni a lokacin ina aiki a wani ofis, ina da takardun makaranta da Faransanci mai santsi, kuma ina jin babu abin da ya fi ƙarfin kaina.

Abokin aikin Kawu wani dattijo ne mai walda, Bafulatanin Garwa, wanda kowa ke kira Malam. Ba shi da yawan magana, Hausarsa kuma gajera ce, yakan yanke ta daidai inda ta isa. Su biyu suka shiga gari neman kaya. Bodin a unguwar Bépanda suka same shi, a bayan gidan wata mata da ta mayar da shi akurkin kaji. Sai da suka gina wa kajin sabon ɗaki kafin ta yarda, kuma duk da haka wata kaza ta biyo bodin har New Bell a kan kura, ta ƙi sauka. Injin na wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ne da suka tono a wurin 'yan gwangwan kusa da Ndokoti. Tayoyin baya na akori-kura, na gaba na wata 'yar ƙaramar mota. Kujeru biyun kuwa daga shagon wani mai aski da ya tashi aka kwaso su, har da abin jingina wuya. Salansa babu. Malam ya yanko bututun ruwa guda huɗu ya liƙa su suna kallon sama.

Maimakon in sa ido kamar yadda aka umarce ni, sai abin ya ja ni. Na fara nemo zane-zane a intanet ina bugo su a ofis ina kawowa. Kawu ya laƙaba mini Injiniya. Da wasa yake faɗa, ni kuma da gaske nake ji.

Ranar da za a ɗaura ƙarfen da ke juya tayoyin baya, wanda makanikan Douala ke kira pon, ina nan da takardata a hannu. Malam da Kawu sun ɗaga shi za su saka, na duba zanen na ce su tsaya.

"Kun juya shi. Ga yadda yake a nan."

Malam ya kalli ƙarfen, ya kalli takardar. "A'a. Haka ne."

"Malam, waɗanda suka ƙera irin motar nan su suka zana wannan. Ba ni na ƙirƙira ba."

"Takarda ba ta tuƙi," in ji shi.

Rubutun da ke ƙarƙashin zanen da Ingilishi yake, ni kuwa Ingilishina bai wuce na gaisuwa da 'yan Bamenda a kasuwa ba. Amma na bi shi da yatsa ina gyaɗa kai kamar ina karantawa, har na ƙara da wasu kalmomin Faransanci masu nauyi. Kawu ya dube mu, sannan ya ce, "Malam, mota ce ta Turawa, shi kuma ya yi karatunsu. Mu bi Injiniya." Malam ya ɗauki sifana. Suka kifa ƙarfen, suka ɗaure.

Aka shafa mata jan fenti, aka sa ranar fitowa. Yaya ta taso daga Yaoundé don ta gani da idonta. Da hantsi layinmu ya cika: masu shaguna, matan maƙwabta, 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, sun jera baburansu sun bar fasinja suna jira. Kawu ya fito cikin farar babbar riga, ya ɗora tabarau ɗin waldar Malam a goshi. Ya hau kujerar aski ta hagu, ya ce in hau ta dama tunda ni ne Injiniya. Ya sanar da jama'a cewa sai ya kai Akwa ya dawo kafin a gama shan shayin da aka ɗora.

Ya murɗa makulli. Ƙarar da ta fito daga bututun nan huɗu ta sa wata akuya ta tsinke igiya. Jama'a suka yi shewa. Kawu ya yi bisimilla, ya saka giya ta ɗaya, ya saki kuloci.

Motar ta zabura da baya.

A bayan garejin akwai banɗakin kwano da 'yan haya ke amfani da shi. Muka shige shi da ƙarfi, bangon gaba ya kwanta, na gefe ya bi shi. Da na waiwaya sai ga telan da ke haya a gidan, tsaye, kumfar sabulu tun daga kai har ƙafa, ya rufe abin da zai iya rufewa da ƙaramin bokiti. Ido ɗaya kawai ya iya buɗewa.

Kawu ya ɗaga tabarau, ya dube shi, ya ce, "Sannu da wanka."

"Yauwa, Alhaji," in ji tela. Me kuma zai ce?

Wani ya jefa masa zane, sannan dariya ta ɓarke. Kawu bai kula ba. Ya ce ƙila hannunsa ne ya kuskure, aka turo mu gaba, ya gwada giya ta biyu. Muka sake komawa baya, wannan karon da sauri, muka taka sauran kwanon. Ya tsaya ya yi tunani, ya saka ribas. Motar ta taka gaba a hankali, cikin ladabi, ta sauka kan titi. Giya huɗu na baya muka haɗa, ɗaya na gaba.

Na ce masa a hankali, "Kawu, mu kashe ta mu koma ciki."

"Na ce wa mutane Akwa," ya amsa. "Akwa za mu."

Duk wanda ya taɓa tuƙi ya san iyakar gudun ribas. Haka muka kama hanya, inji yana ruri kamar jirgi zai tashi, hayaƙi yana tashi sama, mu kuwa muna tafiyar hawainiya. Wata mata ɗauke da tiren ayaba ta wuce mu, ta tsaya ta yi ciniki, ta sake wuce mu. 'Yan bensikin suka sa mu a tsakiya suna danna hon, wasu suka gaji da jan ƙafa suka sauka suna tura baburansu. Direbobin tasi suna leƙowa suna tambaya ko gawa muka ɗauko. Kawu yana zaune ƙyam, hannu biyu a sitiyari, yana ɗaga wa mutane kai.

A nan ne na ciro wayata na ɗauki hoton takardar da ke aljihuna, na sa ta fassara mini rubutun. Layi ɗaya ne. Yana cewa zanen daga ƙarƙashin mota aka yi shi, kamar mutum yana kwance yana kallon sama. Ni kuwa na ɗauka daga sama ake kallo. Na mayar da wayar aljihu, ban ce uffan ba.

Kafin mu shiga Akwa wani ɗan sanda ya ɗaga hannu. Bai ma buƙaci ya yi sauri ba, tafiya ya yi a gefenmu har muka tsaya. Ya zagaya motar sau biyu, ya taɓa abin jingina wuya, sannan ya ce da Faransanci a ba shi takardun mota.

"Wacce daga ciki?" in ji Kawu.

Ya ciro jaka, ya fara miƙa masa: takardar bodi, takardar motar da aka cire wa inji, wata guntuwa ta akori-kura, har da rasidin mai aski. Ɗan sandan ya jujjuya su, ya tambaya me ya sa muke rarrafe haka. Kawu ya ce ai ribas muke ciki. Mutumin ya kalli gaban motar, ya kalli bayanta, ya kalli hanyar da muka fito. Ya daɗe yana tunani. Daga ƙarshe ya mayar da takardun ya ce, "Papa, ni ban ga komai ba. Ku juya ku koma gida, ta duk fuskar da kuka ga dama."

Kawu ya roƙe shi ya bari tayar gaba ta taɓa Akwa tukuna. Ya bari. Muka juya, ruwan sama ya sauko irin na Douala, mu kuma babu rufi. Sai bayan azahar muka iso gida a jiƙe. Shayi ya daɗe da hucewa.

Bayan la'asar Yaya ta tara mu a tsakar gida. Babu dariya a fuskarta, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Baba, shekara nawa kana gyaran mota? Yau kai ne ba ka san gaba da baya ba. Da mutumin nan ka take shi fa? Ka haɗa kayanka, jibi mu tafi. Garejin kuma a rufe."

Na jira Kawu ya nuna ni. Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Kuskure ne, kuma motata ce." Malam yana zaune a kan benci yana jan carbi, shi ne ya zuba mini ido, bai kuma ɗauke idon ba.

Ina so in ce nan take na miƙe, amma ƙarya ne. Na zauna ina lissafin yadda unguwa za ta mayar da ni abin dariya, yadda sunan Injiniya zai bi ni har ofis. Sai da na ga matar Kawu ta tashi ta shiga ɗaki ta fara sauko da akwati, sannan bakina ya buɗe.

"Yaya, ni ne."

Na ciro takardar da ta jiƙe, na faɗi komai: yadda suka saka ƙarfen daidai, yadda na sa suka kifa shi, yadda na yi kamar ina karanta Ingilishin da ban iya ba. Yaya ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Kai da na ce ka sa masa ido?"

"Ni ɗin."

"Na faɗa," in ji Malam. Iyakar abin da ya ce ke nan a duk zaman.

Yaya ta juya ga mahaifinta ta tambaye shi me ya hana shi magana. Kawu ya ce tun da motar ta yi baya karo na biyu ya gane inda matsalar take. "Amma ni na ce a bi shi, kuma yaron yana da aiki da mutunci a gari. Ni me ya rage mini da za a yi wa dariya?" Wannan maganar ta fi duk wani zagi zafi a wurina. Yaya ta tashi ta leƙa ɗaki ta ce wa mahaifiyarta ta mayar da akwatin.

Washegari aka yanke mini hukunci. Ni kaɗai na shiga ƙarƙashin motar da sifana, Kawu da Malam suna zaune a inuwa suna ba ni umarni, tela yana gefe yana jira in gama in zo in ɗaga masa banɗaki. Baƙin mai ya zubo mini a fuska, na fasa yatsa biyu, amma kafin la'asar an juya ƙarfen. Da Kawu ya saka giya ta ɗaya a ranar, motar ta yi gaba da ƙarfin da ya fizge masa hula. Na ga tsohon nan yana dariya, bakinsa a buɗe, iska tana cika masa riga. Ya yi shekaru yana fitowa da ita duk Asabar kafin Allah ya karɓi abinsa, a gidansa na New Bell, ba a Yaoundé ba.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, rashin sani ba shi da tsadar gyara. Wuni ɗaya da sifana ya ishe shi. Abin da ya kusa raba dattijo da gidansa shi ne na ƙi cewa ban sani ba tun farko, sannan da na gane na ja bakina na bar wani ya ɗauki laifina. Tun daga lokacin, in aka miƙo mini abin da ban iya karantawa ba, nakan ce ban iya ba, ko a gaban wa, kuma har yau ban ga wanda hakan ya kashe ba.