Sunana Ba Ya Cikin Fayil

Wata Talata ce cikin damunar shekarar da na shiga aji huɗu, can wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin, ina tsugune a tsakar gidan Gwaggo a Limancin Kona ina wanke-wanke, sai na ji sallamar Inna. Na ɗaga kai na gan ta tsaye cikin mayafinta na zuwa unguwa, takalmanta duk caɓi. Har ludayi ya suɓuce mini. Inna matar kulle ce, ba ta taka ƙofar gida sai bayan magariba, amma ga ta da hantsi ta ratso gari a ƙasa tun daga Ƙofar Gayan. Ba ta dube ni ba, da ma ba ta dubana. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo, sannan ta ce, "Yaya, a sa wa waccan kaya, za mu ofishin su Malam."

Ni ce waccan. Ni ce 'yar fari a wurin Inna da Baba, kuma a gidajenmu na cikin birni iyaye kunyar ɗan fari suke yi. Ba sa kiran sunansa, ba sa yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi a gabansu sai dai su kau da kai wani ya ɗaga shi. Ana yaye ni Gwaggo, yayar Baba, ta ɗauke ni riƙo. A wurinta na koyi jan guga da surfe, a zaurenta muke carafke da 'yan matan layi har sai ta fito da muciya ta kore mu. Alkaki take yi na sayarwa, ni ce kuma mai lashe tukunyar suga, aikin da ban taɓa bari a tuna mini ba.

Ciwon ya shigo mini ne sannu a hankali. Na riƙa shan ruwa kamar ana zubawa a rairayi, ina fitsarin kwance da girmana, ina ramewa. Gwaggo ce ta lura da ƙiyashi suna taruwa a tabarmata duk safiya. An sha rubutu, an dafa saiwoyi, sai da na yanke jiki na faɗi a layin asambule sannan aka kai ni asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne, kuma allurar insulin safe da yamma ita ce rayuwata, in aka daina zan mutu. Haka ya faɗa, bai ɓoye ba. Gwaggo ta share hawaye ta harare ni ta ce, "Ke da ko kaza ba ki ajiye ba, ina ke ina ciwon alhazai?"

Matar nan ba ta san ko bihim a boko ba, amma ta koyi ƙirga layukan sirinji, ta yi ta gwada hannunta a jikin lemo har ya faɗa. Ta ware ƙaramar tukunya don tafasa allura. Ba mu da firiji, sai ta sa kwalbar maganin a gwangwani ta binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ta kuma hana kowa shan ruwa a randar sai da izininta. Alkakin ma ta daina, ta koma ƙuli-ƙuli, wai ba za a soya abin zaƙi a gidan da 'yarta ke haɗiyar yawu ba. Akuyarta ta tafi a sayen magani, tasoshinta na jere suka bi baya.

Abin haushin shi ne akwai mafita. Baba mai kula da sito ne a wani kamfani a Sabon Gari, kamfanin kuma yana ɗaukar nauyin maganin 'ya'yan ma'aikata, muddin sunan yaro yana cikin fayil. Lokacin da Baba ya cike takardar ya rubuta ƙannena duka, ya tsallake ni, don hannunsa ba zai iya rubuta sunan 'yar fari ba. Da ya je neman taimako, babban akawu, wani mutumin kudu mai jin Hausa sama-sama, ya tambaye shi ko yarinyar tasa ce. Baba ya sunkuyar da kai ya ba da amsar da kowane mutumin kirki a unguwarmu zai bayar: "'Yar wajen yayata ce." Akawu ya rubuta abin da ya ji, ya rufe fayil. Sau uku Baba yana komawa, sau uku yana kewaye-kewaye, mutumin yana ƙara tabbatar wa kansa 'yar dangi ake son cusa masa. Na daɗe ina jin haushin Baba a kan wannan, ba zan ɓoye ba.

A waccan Talatar abin da ya rage a kwalba na kwana biyu ne. Muka shiga bas mu uku, Inna tana ta jan mayafi tana rufe fuska. A ofis aka ajiye mu kan benci har kusan azahar kafin akawu ya ce mu shigo. Ya dube ni, ya dubi matan biyu, ya ce, "Wace ce uwar yarinya?" Gwaggo ta buɗe baki za ta ce ita ce, kamar yadda ta saba faɗa ko'ina, sai Inna ta riga ta.

"Ranka ya daɗe, ni na haife ta," in ji Inna. "A ɗakina, ranar wata Juma'a. Malam ne ubanta. Sunanta Saudatu."

Shekarata tara, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ta ja ƙarshensa kaɗan, yadda babu mai ja, kamar ta daɗe tana faɗarsa inda ba wanda zai ji. Na fashe da kuka, Gwaggo ta mintsine ni, ita ma tana kukan. Da aka yi wa akawu bayanin al'adar sai ya dafe kai ya ce shi bai taɓa jin irin wannan ba. Ya aika aka kira Baba daga sito, ya miƙa masa biro. Baba bai dubi kowa ba, gumi yana tsattsafo masa, ya rubuta sunana a saman na ƙannena. Muka fito da kwalba biyu daga ɗakin shan maganin kamfani. Kafin mu kai bakin titi na sake zama waccan a wurin Inna. Inna ta sayi dafaffiyar gyaɗa ta miƙa wa Gwaggo ta ce, "A ba ta, tun safe ba ta ci komai ba."

Yanzu maganina yana cikin firiji, allurar ma kamar biro take. Kwanan baya a layin ganin likita na zauna kusa da wata matashiya, ɗanta da 'yar na'ura a ƙugu mai ba shi insulin da kanta. Ta ce wata shida ta yi tana fafatawa da kamfanin inshora kafin su yarda su biya. Ɗanta na fari ne, tana ta kiran sunansa a gaban jama'a tana shafa kansa, na kuma ji daɗin ganin haka har raina. Amma na tuna Inna, wadda ta koma ga Allah ba ta ƙara furta nawa ba. Sau ɗaya ta kira shi, da shi kuma nake raye har yau.